Yadda Na Bi Sawun Jirgi Har Gummi

Sana'ata bin sawu ce, kuma ba yabon kai ba, tsakanin Anka da Bukkuyum an daɗe ba a yi kamata ba. Idan aka kwance wa mutum sa ko jaki, kafin ya tuna da ɗan sanda ni yake tunawa. In zo da sandata in durƙusa a bakin turke, in dubi ƙasa kamar liman yana duba littafi, in ce mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi da ƙafar hagu, sun bi burtali sun yi arewa. A bi, a tarar haka ne. Har Fulanin ruga, da ba su yarda Bahaushe ya san gaban saniya da bayanta ba, Sarkin sawu suke ce mini. Boko kuwa aji huɗu na yi, malamin ya ce kaina ya cika, ni ma na ga gaskiyarsa na tattara allona na bar masa ajinsa. Da wannan ilimi guda biyu, na ƙasa da na aji huɗu, na tunkari gwamnati a shekarar da aka rufe layukan waya.

Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba ko a takarda don ni ba haihuwar jiya ba ne, magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku. Yana da injin niƙa a bakin kasuwar garinmu, can kusa da Abare. Da can dutsen zinare yake niƙa wa baƙin da suka zo haƙa. Da gubar dalma ta shiga gidaje ta kwashe yara, har da 'yarsa guda, sai ya wanke hannunsa, ya sake inji, ya koma niƙan gero da dawa. Inji kuwa ba kunu yake sha ba. A wannan daminar hukuma ta hana sayar da fetur a jarka, wai da shi ake ciyar da baburan 'yan bindiga a daji. Doka ce mai kyau, kuma na tabbata wanda ya tsara ta bai taɓa zaman jiran tuwo ba. Matan gari suka yi kwana huɗu suna daka da hannu suna zagi, ba mai dokar ba, mai injin. A rana ta biyar ya ɗauki jarka ya tafi nema. Ya samo rabi. Masu kaki suka tare shi a bakin gulbi.

Aka haɗa shi da baƙi shida masu haƙar zinare, mutanen nesa da ba su da kowa a garin, aka kulle su a wani aji na firamare. Mai gari ya je, aka ce ya dawo gobe. Gobe da hantsi sai ga jirgi mai saukar ungulu. Hanyar mota a lokacin ba ta biyuwa, su kansu masu bindigar gwamnati tsoronta suke ji, shi ya sa aka ce ta sama za a kwashi mutanen.

Ya sauka a filin ƙwallo. Ciyawa ta kwanta, rumfar mai shayi ta tashi ta bar shi da tukunya, awaki suka tsinke igiya. Gari duk ya fito. Aka fito da su a jere, hannu a ɗaure ta baya da igiyar roba, ido a rufe da baƙin ƙyalle, kowane da mai riƙe masa wuyan riga. Na yi shekara talatin ina niyyar Makka ban taɓa leƙa cikin jirgi ba, ga ɗana ya riga ni shiga, har da masu rakiya.

Ina tsaye a gindin tsamiya, taku arba'in tsakanina da shi. Da ƙanensa ne da na kutsa na riƙe ƙafar babbansu na tambayi inda za a kai shi, ko da zan sha gindin bindiga. Amma ɗan fari ne. Dattijo ba ya rawar jiki a kan ɗan fari a gaban jama'a, haka muka taras. Sai na haɗe fuska kamar ɗan maƙwabci ake ɗauka, na ce a raina ai ba sai na tambaya ba, ina da ido.

Jirgin ya tashi, ya tsaya cak a sama kamar shirwa, ya juya hanci, ya miƙe ta kan kukar makabarta bai karkata ba har ya zama ƙuda. Na sa sandata na ja layi a ƙasa daga inda ya zauna zuwa inda ya ɓace. Mutane suka kewaye ni.

"Sarkin sawu, ina sunka nuhwa da su?"

"Yamma," na ce. "Gummi, ko gaba da ita."

Da na shiga gida na tarar da tsohuwata, uwarsa, zaune a bakin murhu ba wuta.

"Malam," ta ce, "a tahi Gusau. Duk wanda gwamnati tak kama, can taka aje shi."

"Ke, yaushe Gusau tak koma yamma? Da idona nig gani."

"Ni ban san sawu ba. Amma in kaza ta ɓace min, gidan mai kare nika hwara zuwa."

"Shi ya sa har yau ba a taɓa zuwa neman ki in an yi sata ba."

Ta juya ta hau kwashe tokar murhu. Na ɗauka na ci gardama.

Waya babu, ko a hau dutse ba a samun sabis, ba mai kiran wani ya tambaya. Sai ƙafa. Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, tsoho ne kamata amma yana da babur da baki, kuma bakin ya fi babur ɗin gudu. Bawana nake ce masa tun muna yara. Na aika aka kira shi.

"Bawa, ɗaura sirdi, za mu bi sawu."

"Sawun mi?"

"Jirgi."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Ubangidana, kashinai za mu bi ko kohwato?"

Dariya yake, amma ya zo da babur da sassafe.

Kada mai karatu ya ɗauka hauka na yi. Abin da ya bi ta sama yana barin sawu a kunnen mutane. Lokacin gero ya fara nuna, kowace gona da mai korar tsuntsu, kuma ba mai mance ranar da irin wannan ƙara ta bi ta kansa. Mu tsaya, mu yi sallama, in ce ranar Talata jirgi ya bi ta nan? A ce ya bi. Ta ina ya fito, ina ya nufa? A nuna da hannu. In ja layi a ƙasa, in haɗa da na baya. Layin bai taɓa karkata ba. Muka bar hanyar mota muka bi ta gonaki, muka ƙetare rafi uku muna tura babur, muka bi ta garuruwan da aka gudu aka bari, ƙofofi a buɗe, kabewa ta haye danga ba mai tsinka. A irin waɗannan wurare ko taubashina bakinsa mutuwa yake yi.

A rana ta uku, a bayan Yargalma, muka samu abin da ko ni ban sa rai ba. Wani fili ne a gefen gonar dawa, ciyawarsa ta kwanta ta kewaya kamar an murza faifai. A tsakiya ga wurin da ƙafafun jirgin suka nutse a laka, ga sawun manyan takalma, ga na mutum uku a tsakaninsu, ɗaya ba takalmi, taku gajere gajere irin na wanda ba ya ganin gabansa. Na durƙusa na karanta wa taubashina shi kamar wasiƙa. Nan ya sauka, ya ƙara mutum uku, ya tashi. Wallahi a wannan lokacin na ji daɗi. Ɗana yana hannun hukuma, ni kuwa ina durƙushe a laka ina jin daɗin gwanintata. Na rubuta wannan don kada a ce na ɓoye.

Wata tsohuwa tana kan rumfar kara tana kaɗa gwangwani saboda tsuntsaye. Muka gaisa.

"Inna, kin ga tashinai?"

"Na gani, ɗan nan. Har zanena yaɗ ɗebe."

"Ina yan nuhwa?"

Ta juya ta miƙa hannu gabas, can ta kudu kaɗan da inda muka fito.

"Ba nan ba?" na ce, ina nuna yamma.

"In ce kai kat tambaye ni? Nan yak koma."

Taubashina ya tayar da babur. "To, an gama. Gusau ta. Mu koma mu ba uwar gida haƙuri."

Na ce ya kashe. Na zaunar da shi a kan tushen dawa na yi masa karatu. Duk ɓarawon shanu da ya san aikinsa, in ya kusa maɓoyarsa, sai ya juya da dabba baya a gaban idon mutane, ya yi tafiya kaɗan, ya shiga rafi ko ya hau falalen dutse, sannan ya kewayo ya ci gaba da hanyarsa ta asali. Ɓad da sawu ke nan. Sabon mai bi shi ke faɗawa cikin wannan tarko. Sau nawa na kama ɓarayi don na ƙi yarda da juyawar ƙarshe? Wanda ya yi tafiya mai tsawo yamma, yamma za shi.

"Ubangidana," ya ce, "wanga fa gwamnati ta, ba ɓarawo ba."

"Bawa, wanda yar ruhe ma mutum ido kahin shi ɗauke shi, mi ag gare shi in ba ɓoyo ba?"

Ya tashi ya juya kan babur yamma. Ni ma har yau ina ganin tambayar tana da kyau. Kuskurena ɗaya ne, na ba gwamnati wayon ɓarawon shanu. Ashe girmama ta na yi. Ɓarawo yana ɓad da sawu don ya san za a biyo shi. Ita ko a jikinta, ba ta ma san akwai mai biyowa ba.

Muka yi Gummi. Daga bayan Yargalma ba wanda ya sake cewa ya ji ƙarar jirgi ranar Talata, na ce ai ya hau sama sosai ne don kada a ji. Duk abin da ya ƙaryata ni sai in mayar da shi shaida. A Gummi muka sauka gidan wani ɗan uwa. Na je ofishin 'yan sanda, suka duba suka ce ba su da shi, kuma gaskiya suka faɗa. Na je inda ake tsare masu jiran shari'a, haka. Na zauna wurin masu shayi, da 'yan kamasho a tasha, da mata masu kai abinci ƙofar masu kaki, ina ƙirga kwanuka ko sun ƙaru. Wani ya ce ya ji an kai mutane wajen Zuru, muka je. Wani ya ce Jega, muka je. Babur ya ci taya biyu. Taubashina ya rame har hularsa ta fara faɗo masa kan kunne, ya ce in muka mutu a hanya shi dai ya roƙi kada a binne shi yamma da ni.

Sau biyu ina komawa gida in ba da rahoto a zaure kamar wanda ya dawo daga yaƙi: an kusa, sawu ya yi zafi. A komawa ta biyu na tarar da tsohuwata ta yafa mayafi ta ƙulle 'yan kayanta. An ce ranar motoci za su bi ayarin masu kaki zuwa Gusau.

"Ina za ki?"

"Inda nic ce tun hwarko."

"Hanyar ga da aka tare mutane kullum? In an ɗauke ki, sawun wa zan bi, naki ko nashi?"

"Ka bi nashi. Ni na tsuhwa, ba su riƙe ni."

"Aje kayan ga. Ban yarda ba."

Na ce mata hanya nake tsoro, kuma akwai wannan. Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne a ce a kasuwa Sarkin sawu ya yi yamma matarsa ta yi gabas. Ta dube ni ta daɗe, ta kwance ƙullin, ta mayar da mayafi kan igiya. Shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa fita ba da izinina ba, ranar ma ba ta fita ba. Da ma ta fita.

Aka cire gero, aka yanke dawa. Injin yana nan a rumfa an lulluɓe shi da buhu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Matar ɗan nawa tana daka da hannu kamar kowa, in na shigo ta gaishe ni a durƙushe ba ta tambaya, wannan rashin tambayar ya fi zagi.

Wata Lahadi da hantsi ina zaure ina shirin komawa Gummi karo na uku, sai aka yi sallama. Wani mutum ne dogo, ramamme, kansa an aske ƙwal, wuyan hannunsa da tabon ɗauri. Ya ce shi mutumin Yargalma ne, gidan mai bin sawu yake nema. Na gyara zama, na ɗauka saniya ta ɓace.

"Baba, tare muke da ɗanka."

Na ji tsohuwata ta matso bayan zanar zaure, ina ganin ƙafafunta ta ƙasa.

Ya ce shi ne mai tafiya ba takalmi a cikin ukun nan da aka ƙara. Daga gonar dawa jirgin bai sake tsayawa ko'ina ba, ko tuwo ba a isa tuƙawa ba suka sauka. Da aka kwance musu ido sai ga su a wani babban gida mai katanga a bayan Gusau. Ba a ɓoye su ba. Kowace Juma'a da safe ana tantancewa: wanda ɗan uwansa ya zo da takardar mai gari, aka duba aka ga laifinsa bai wuce jarka ko buhun burodi ba, sai a rubuta a sallame shi. Shi yayansa bai samu hanya ba sai a Juma'a ta tara.

"To shi fa?" na ce.

"Shi kullum shi ka hwara tsayawa bakin wayar shinge, inda aka hango ƙohwa. Har masu gadi sun san shi. Su ce, mai inji, yau ma tsohon bai zo ba? Shi ce shina tahe. Shi ce ku ba ku san babana ba, ko ƙarƙashin ƙasa anka kai ni shina tono ni. Har baƙin nan shida yac ce ma su kwantar da hankali, in ka zo kana yi musu shaida su ma."

Mutumin ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Baba, ni ban so in zo da wagga magana ba. Ranar da anka sallame ni, da la'asar anka jera waɗanda ba a zo ma ba. Anka sake ɗaure su, anka sa su mota. An ce hilin jirgi za a kai su, babban jirgi zai kwashe su. Yau kwana tara."

Ƙafafun da ke bayan zana suka juya suka tafi a hankali. Ba kuka, ba salati. Sai can na ji an ɗauki taɓarya an ci gaba da daka.

Washegari na karɓi takardar mai gari, da hatiminsa da komai, na shiga mota zuwa Gusau. Hanyar da na yi wata biyu da rabi ina tsoro, kafin azahar mun isa, ba wanda ya ko ɗaga mana hannu. Na samu gidan, katangar na nan yadda aka kwatanta, ga wayar da ake hango ƙofa ta cikinta. Wani jami'i mai ladabi ya karɓi takardar, ya karanta har ƙarshe, ya ce takarda ce mai kyau, da ita ake zuwa.

"Baba, me ya tsayar da kai?"

"Ina Gummi."

"Me kake yi a Gummi?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin ɓad da sawu, sai na rufe. Na ce to yanzu ina aka kai su? Ya ce su nasu su miƙa ne, jirgin ba nasu ba ne, waɗanda suka karɓa ba su faɗi masauki ba. Ya ce in rubuta koke. Na rubuta da boko na aji huɗu, ya karɓa da hannu biyu ya sa a ƙarƙashin wasu.

Damina biyu ta wuce. An saki waya, an koma sayar da mai a jarka a kowace kwana, har a ƙofar firamaren da aka kulle shi. Mutane ba su daina zuwa nemana ba in an kwance dabba, sai dai yanzu in na ce arewa sai in ga ana satar kallon kudu. Taubashina kaɗai ya daina tsokanata, na roƙe shi ya ci gaba ya ƙi. Tsohuwata kuwa ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Na jira ta faɗa, na yi mata hanya sau da yawa, ta ƙi bi. Tuwo dai tana ajiye mini a kan lokaci.

Ran nan da hantsi, bayan an gama sussuka, matar ɗana ta fito daga ɗaki a guje da waya a hannu, ta manta da kunyar suruki ta cusa mini ita a kunne. Ba lamba a fuskar wayar.

"Baba."

Muryar ta tsufa, amma ita ce. Na ji bakina yana neman kama sunan nan da ban taɓa kamawa ba, na danne.

"Kai ne? Kana ina?"

"Ban sani ba, Baba. Wani mai gadi yat taimake ni da wayatai, yac ce in yi sauri."

"Wane gari? Tambaye shi!"

"Ba su hwaɗi. Mu da yawa muke ɗaki guda, kowa da garin da shika rantsuwa muna ciki. Da mota anka kawo mu da na ƙirga garuruwa. Jirgi na, Baba. An ruhe ido nan, an buɗe can."

Uwarsa ta matso har kafaɗarta tana taɓa tawa. Na san lokaci kaɗan ne, kuma abu ɗaya na iya a duniya.

"Saurara. Ƙasar tsakar gidan wace iri ta?"

"Ja. Tana manne ma ƙahwa."

"Ruwa fa? Nan mun gama sussuka."

"Jiya ma an yi. Kusan kullum aka yi."

"Itace? Kana ganin kuka ko tsamiya ta bisa katanga?"

"Babu. Wasu dogaye masu kai kamar giginya, amma ba giginya ba."

"Kiran salla?"

"Guda, daga nesa, in iska ya juyo. Ran Lahadi kuwa kiɗa da waƙa ta ko'ina."

"Mi kuka ci?"

"Garin rogo. Miya da manja. Baba, Inna na kusa?"

Na miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Ina jin ka," shi ke nan abin da ta samu faɗi. Ban san me ya ce mata ba. Wayar ta mutu tana nan a kunnenta, ta daɗe ba ta sauke ba.

Bai tambaye ni abin da ya hana ni zuwa ba. Na so ya tambaya.

Muka zauna a tsakar gida mu uku. Can tsohuwata ta ce, "To, Malam. Ina na?"

"Ban iya hwaɗi."

"Ka ji ƙasa, ka ji ruwa, ka ji itace. Ina na?"

"Ke, abin da yak kwatanta rabin ƙasar ga ta. Na hwaɗi sau guda, kin ga abin da yab biyo."

"Wancan karon da ƙarhi kah hwaɗi. Yanzu hwaɗi a hankali. Zaman ga ya ishe ni."

Na ɗaga hannu, ba sanda, ba layi a ƙasa, na nuna kudu.

"To," ta ce. "Wanga karon da ni za a. Ba izini nika nema ba, sanar da kai nikai."

Kwana uku tana suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta ɗura yaji a kwalba, ta ninke masa riga biyu. Muka fito Anka da sassafe muka shiga tasha. Wani ɗan kamasho ya taso ya karɓe mata jaka.

"Inna, ina zuwa?"

"Kudu."

"Kudu wane gari?"

Ta juyo ta dube ni. Shi ma ya dube ni. Na dubi ƙasa, sabo ne, ba komai a wurin sai sawun taya a kan sawun taya. Muka shiga wadda ta fara cika.

Daga ranar zuwa yau mun je manyan garuruwa biyu masu jar ƙasa da manja. Mun tsaya a ƙofar kowane gida mai doguwar katanga da aka nuna mana, ta ce a duba mata mai inji, a duba a ce babu. Ƙuli-ƙulin farko masu gadi muka bar wa, ko Allah zai sa wani ya kai wa ɗan wani. Bana in an cire gero za mu je na uku. Ita ke zaɓen gari yanzu, ban san da me take zaɓa ba kuma ban tambaya ba. Ni jaka nake riƙewa.